Wanda Ke Liƙe Bakin Tukunyar Wanki

Ran wata Laraba, a damina ta uku bayan jirgin ƙasa ya fara ratsa Zariya, ƙarti suka shigo da sabuwar tukunyar tururi gidanmu a Tudun Wada suna nishi. Babanmu wanki yake yi wa Turawan reluwe, tsohuwar tukunyar kuwa tsatsa ta huda gindinta. Bature mai duba injuna ya biyo su, ya ƙwanƙwasa ta ko'ina, ya sa aka nisanta ta da danga, sannan ya yarda a hura wuta. Dokoki ya bari, Baba ya sa muka haddace su kamar karatun allo. Na farko, ruwa ya kai zanen da aka yi a jikinta kafin a sa wuta. Na biyu, ba a buɗe ta sai ta huce. Na uku, ɗan bakin da ke samanta, mai huci idan tururi ya yi yawa, kada kowa ya taɓa shi, domin in ya toshe za ta fashe da duk wanda ke tsakar gida.

Ba a jima ba Baba ya tarar da bakin a liƙe da tsumma da ƙullu. Ya ɓamɓare, ya tara mu, kowa ya rantse. Aka kwana biyu ya sake tararwa. Daga nan muka daina langa a tsakar gida, ɗiban ruwa ma sai yana tsaye a kaina. Ya tuhume ni, ya tuhumi wani mai wanki na bayan gidanmu, daga ƙarshe zarginsa ya tsaya kan ƙanensa, Baffa Sambo, wanda ya so a sayi tukunyar wani maƙeri abokinsa aka ƙi. "Sambo, in ni kake nema ga ni, ka bar mini 'ya'ya," in ji Baba. Baffa ya naɗe tabarmarsa ya bar gidanmu ya koma unguwar Gyallesu.

Washegari da hantsi Baba ya ga mai aikin da idonsa. Kakarmu Iya ce ta ɗingiso da ƙwaryar ƙullu tana shafe bakin, yadda take liƙe madambaci in za ta turara dambu. Kunnenta ya yi nauyi, kuma ba a taɓa kiranta taron ba, don ba mai rantsar da uwarsa. "Tukunya na zubar da tururi kuna kallo, itace na ƙonewa a banza," ta ce. "Ba mata a gidan nan ne?"

Baba ya janye wutar, ya sa riga ya nufi Gyallesu. Baffa ya amsa gaisuwa, ya ce ba komai, amma bai sake kwana a gidanmu ba.

Yau jikokina na dafa ruwa a butar lantarki mai kashe kanta, ba mai gadinta, ba wanda ake bi da ido. Ni kuwa har yanzu nakan rage tafiya a ƙofar gidan da Baffa ya rasu a ciki. Tukunyar ba ta fashe ba, amma ta rage mana mutum ɗaya.