Ɗalha, Wanda Ya Bar Ni a Ƙofar Soro

Kullum in an idar da sallar asuba a Zaitawa, Malam Ɗalha Isyaku yakan shimfiɗa buzu a soronsa, ya ajiye shayi, ya kunna 'yar rediyonsa. Ya saurari Hausa, ya murɗa ya ji Faransanci, ya sake murɗawa ya ji Larabci. Kafin rana ta yi zafi ya bi ta Ƙofar Wambai yana gaisawa da fatake da direbobi: yaya hanya, su wa ke tare mota yanzu, gero ya tashi a tsallaken iyaka ko ya sauka? Daga nan sai ofis, Cibiyar Nazarin Maƙwabtaka, wasu 'yan ɗakuna a saman bene a gindin Goron Dutse. Aikinsu shi ne nazarin zamanmu da ƙasashen da ke kewaye da mu, da rubuta wa hukuma shawara kafin rigima ta tashi. A watan nan zai ajiye aiki.

Ni Sabo ajinmu ɗaya da shi tun firamare, kuma gara in faɗa tun da wuri: ƙyashinsa nake yi. Ni ne mai shafi a jarida, har da hotona a sama. In na shiga kasuwa nuna ni ake yi. Shi kuwa cikin maƙwabtansa ma akwai masu zaton malamin makaranta ne. A zamanin soja har tausayinsa nake ji, don sai ya rubuta rahoto ya aika, a jefa a durowa, ya zauna ya rubuta wani. Nakan tsokane shi in ce gara ce kaɗai ke karanta shi.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. A daminar shekarar jita-jita ta bazu cewa ana ɓoye bindigogi a motocin shanu. Jandarmomin tsallaken iyaka suka tsare direbobinmu, har da ƙanena Mikail, autan mahaifiyarmu Hajiya 'Yardada. Namu jami'an suka rama, suka riƙe motocin hatsin da za su tafi can. Sababbin 'yan majalisa, waɗanda ko hanyar ofis ba su gama sani ba, suka shiga kiran a rufe iyakar ɗungurungum. In aka rufe, Allah kaɗai ya san ranar dawowar Mikail. Hajiya ta daina cin abinci sai an matsa mata.

Na yi abin da na iya, na yi ta zuba rubutu mai zafi. Jama'a suka yi ta yaba mini, Mikail kuwa yana can a tsare.

Ɗalha kuwa ya kama hanya. Direbobi sun shaida sun gan shi a motar haya yana zirga-zirga tsakanin nan da can. Sai wata safiya na ji ya tara mutane a soronsa: tsohon hafsan soja, jami'in kwastan, ɗan majalisa, shugaban fataken shanu, da wani manazarci irinsa daga tsallake. Na zari rakodata na tafi. A bakin ƙofa ya tare ni.

"Malam Sabo, ina zuwa da rakoda?"

"Ɗalha, ƙanena fa ake magana a kansa."

"Ai shi ya sa ba za ka shiga ba. Mutanen nan kowa da shugaban da yake tsoro. Suna ganin ɗan jarida, kowa zai maimaita abin da aka aiko shi ya faɗa, mu watse. Ni so nake wani ya iya cewa 'mun yi kuskure' ba tare da ya rasa aikinsa ba."

"To in an tashi ka ba ni labari."

"Maganar zan ba ka. Sunan wanda ya faɗe ta kuwa, a nan zai tsaya. Dokar zamanmu ke nan."

Haka na zauna a dakalin gidansa tun hantsi har la'asar, kamar mai neman alfarma. Talatu mai abinci ta zo wucewa da kwanukan tuwonsu, ta dube ni ta ce, "Yau kai ne a waje, Malam Sabo?" Ita ta shiga, ni ban shiga ba. Ita ce ma ta ba ni labari daga baya cewa da farko ko kallon juna ba sa yi, amma da ta koma kwashe kwanuka ta tarar da tsohon sojan da baƙon suna ci a kwano ɗaya. Har yau in na tuna da dakalin nan raina sosuwa yake yi.

Abin da ya fito daga zaman wata gajeriyar shawara ce mara sa hannu: a binciki motocin a gaban jami'an ɓangarorin biyu, sannan a saki na nan da na can rana guda. Ba a jima ba na ji wani babba yana karanta ta a rediyo kamar daga kansa ta fito. Ni da na san salon Ɗalha tun muna rubuta insha'i a makaranta, sai da na miƙe tsaye don haushi. Na same shi yana shan shayinsa. Ya ce, "In ya ɗauka tasa ce, zai fi tsaya mata."

Mikail ya dawo a rame amma lafiya lau. Hajiya ta rungume shi ta yi kuka, sannan ta ɗauki mayafi ta ce a kai ta gidan Ɗalha. Tun daga ranar, in ta ɗaga hannu tana addu'a sunansa kan riga nawa fitowa. Da babbar sallah cinyar rago tasa ce. Ni da ta haifa sai abin da ya rage.

Ɗalha, kai ne mai kashe wuta tun tana hayaƙi. Kai ne ka yarda wasu su sha tafi muddin mutane za su koma gidajensu. Ni ba zan iya ba, kuma shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Na sha tambayarka wa ya fara cewa "mun yi kuskure" a soron nan, kullum sai ka yi murmushi ka ƙara mini shayi.

Na gode, abokina, da ƙyashin nawa da komai. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan da ke karatun harkokin ƙasashen waje, kada ku ƙare duka a gaban makirufo irina. Wasunku su hau benen nan na gindin Goron Dutse, su koyi sauraro da riƙe suna.

Jiya na gaya wa Hajiya ina rubutu a kanka. Ta ce, "To in ya fito ka zo ka karanta mini." Tun da na fara aikin jarida ba ta taɓa neman jin rubutuna ba sai wannan karon, shi ma saboda kai ne.