Malama Mashkura da Labarin Fatsuma

Shekara talatin da ɗaya ke nan, da gari ya waye Malama Mashkura takan hau mashin daga Rimawa zuwa makarantar 'yan mata inda take koyar da Hausa. Hanyar ta ratsa gonakin albasa, tururi na tashi a kan ruwan Rima, masunta na wucewa shiru cikin kwalekwale kamar a mafarki. Takan ce a nan labarai suke zo mata.

Wata shekara ɗalibarta Sauda, 'yar shekara sha shida, ta kashe kanta. Makaranta ta yi tsit. Aka fitar da bencinta, aka daina ambaton sunanta, yara suna tafiya kamar masu barci.

Malama ta ɗauki biro ta soma rubuta labarin wata Fatsuma wadda ƙawarta ta tafi ta wannan hanya. Ba ta ƙawata mutuwar ba, ba ta kuma zagi mamaciyar ba. Waɗanda aka bari ta rubuta: fushinsu, da kunya, da tambayar da ba mai amsawa. Duk Alhamis tana karanta wa ɗalibanta a inuwar darbejiya. Wata rana ta tsaya a tsakiya, ta rufe littafin.

Mahbuba, aminiyar Sauda, wadda ta yi wata biyu ba a ji muryarta ba, ta ɗaga kai.

"Malama, to mi yas samu Fatsuma?"

"Ni ma ban sani ba, ɗiyata. Ke za ki hwaɗa mani."

Kashegari yarinyar ta miƙo mata takarda mai layi guda: Fatsuma ta gaji, tana son ta bi ƙawarta.

Malama ta karanta sau biyu. Ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe hannun Mahbuba har gida, suka zauna da uwarta a tabarma ɗaya. Da safe su uku suka tafi Sakkwato wajen likita, kuma wata bakwai Malama ba ta bari an tsallake ranar komawa ba. Yau Mahbuba ungozoma ce a Rabah.

Daga baya Inna Habi, mahaifiyar Sauda, ta zo da kanta ta ce a karanta mata labarin. Da aka gama ta dubi Malama.

"Malama, ki hwaɗi sunan ɗiyata in ji. Shekara guda kowa tsoronai yakai."

Malama ta faɗa. Suka yi kuka, suka roƙa mata gafara.

A watan nan za ki ajiye alli, Malama. Ke ce uwar marasa magana, ke kika zauna a inda kowa ya kau da kai. Mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna.

Mu kuma da muka rage, akwai yaro ko yarinya a gidajenmu da ya yi shiru kwanan nan. Mu tambaye shi abin da ke damunsa, mu zauna, kada mu tashi sai ya amsa.