Baba Yaya-ta-yi Ya Sauke Akwati

Kullum da safe, kafin ya kai komai bakinsa, sai ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙofar ɗaki ya zazzage akwatinsa na ƙarfe. Sifana daga ƙarama zuwa babba, filaya, fulogi biyu, ƙullin waya, tef, da wani dogon sukundireba mai jan mariƙi. Ya goge kowanne, ya mayar da shi gurbinsa, sannan ya ɗaure akwatin a bayan babur da robar tsohuwar taya. Matarsa takan ce da ita ake yi wa wannan gata kowace safiya, da har yau amarya ce. Shi dai sai ya yi murmushi, ya buga babur ya hau titi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba shi da gareji, ko rumfa ba shi da ita. Duk inda mota ta mutu a doguwar hanyar da ta fita bayan gari, nan ne wurin aikinsa. Kuma ba ya taɓa mota sai ya tambayi mai ita, "Yaya ta yi?" In ka ce masa ai mutuwa kawai ta yi, sai ya harɗe hannu.

"A'a, ranka ya daɗe. Yi min irin kukan da ta yi."

Wallahi na ga babban mutum mai tumbi da agogon zinare tsaye a bakin titi yana "kwar-kwar-kwar, fuuu," Baba ya karkata kai yana saurare kamar likita. Kafin mutumin ya gama jin kunya, an ɗauko sifanar da ta dace. Daga nan sunan Yaya-ta-yi ya bi shi, har na yankan ya ɓace.

To, kunnen nan da yake ci da shi, shi ne ya fara nauyi shekara biyu da suka wuce. Matarsa ce ta fara ganewa, don rediyonsa ya koma damun maƙwabta. Ta yi magana, ya ce ita ce ta koma raɗa. A waje kuwa ɓoyewa yake yi, yana kallon bakin mutane yana gyaɗa kai. Tsoronsa ɗaya: ranar da aka ce Yaya-ta-yi ba ya ji, wa zai sake kiransa?

Ranar ta zo da tsakar rana. Wata mata mai kiwon kaji, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta sayar da keken ɗinkinta ta sayo 'yan tsaki kwali ashirin. Motar da ta ɗauko su ta mutu a inda babu ko inuwar kara. 'Yan tsaki kuwa ba sa jure zafi. Kafin Baba ya iso, ta riga ta fitar da matattu bakwai ta jera a gefen titi, tana fifita sauran da mayafinta tana kuka.

"Yaya ta yi?" in ji Baba.

Direban ya buɗe baki ya yi. Amma ga ɗaruruwan tsaki suna tsuwa, ga manyan motoci suna wucewa. Baba ya ga leɓe yana motsi, bai ji komai ba. Ya ce a sake. Aka sake. Da ya so, da ya gyaɗa kai ya shiga lalube a inji, ya kwance wannan ya ɗaure wancan, asirinsa a rufe, tsaki suna mutuwa. Sai ya dubi matar.

"'Yata, ki yi haƙuri. Kunnena ya tafi, ban ji abin da ya ce ba. Amma ki ba ni minti biyar."

Direban ya ce, "Haba Baba, kai ɗin?"

"Ni ɗin. Shiga ka murɗa makulli in na ɗaga ƙafa."

Ya ɗauko dogon sukundireban, ya kwanta a ƙarƙashin motar kan kwalta mai zafi, ya dafa bakin sukundireban a jikin tankin mai, ya ciji mariƙin da haƙora. Ya ɗaga ƙafa, direba ya murɗa. Shiru, famfon mai ba ya motsi. Ya bi wayar da yatsa har ya iske inda dutse ya tsinke ta. Ya fere, ya haɗa, ya naɗe da tef, ya sake cizon mariƙin. Wannan karon ya ji zuuu har cikin muƙamuƙinsa. Mota ta tashi. Matar sai ta durƙusa a kan kwaltar tana ta sa masa albarka, shi kuwa yana daka mata tsawa ta shiga mota tsaki na jira.

Labari ya bazu, kuma kira bai ragu ba. Amma tunda ya faɗa da bakinsa, 'ya'yansa suka samu abin kamawa: wanda ba ya jin hon a bayansa ba shi da zama a kan babur. Ya yi gardama ta wata biyar. Makon jiya ya kwance robar, ya sauke akwatin.

Baba, kai ne ka zaɓi a san rauninka da a yi asarar abincin marayu. Kai ne ka koya mana cewa a tambaya kafin a taɓa. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu riƙe da sifana, da alli, da allura, in abu ya fi ƙarfinku ku faɗa tun da sauran lokaci, ba a mutuwa don an faɗa.

Mai kajin ta zo yi masa barka da wani jibgegen zakara daga cikin tsakin nan. Baba ya hana a yanka. Yanzu kowace safiya yana zaune a ƙofar ɗaki, in ya ga zakaran ya miƙe wuya ya buɗe baki, sai ya juya wajen matarsa.

"Yaya ya yi?"

Ita kuma, baiwar Allah, sai ta harare shi, ta leƙa ko maƙwabta na kallo, ta matso daidai kunnensa ta yi masa cara.