Zaman Makoki a Gareji

Garuruwa uku muka zauna a ƙasar nan ni da Malam, maigidana, Allah Ya jiƙansa. Duk inda muka sauka ni madafa nake fara dubawa, shi kuwa ƙofar gida. Cewa yake gidan da babu dakali a gabansa masauki ne kawai.

Baltimore muka fara. Gidajen jan bulo ne, sirara, manne da juna. Bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, in ya yi atishawa sai ka ji kamar ka amsa masa. Rufinmu yana yoyo, ɓeraye sun fi mu sanin lungunan gidan. Amma kowace ƙofa tana da matakala ta farin dutse, kuma da la'asar kowa yana kan tasa. Nan Malam ya samu dakalinsa. In ya taso daga aiki sai ya zauna da ɗan rediyonsa, tsohuwar da ke hagunmu ta tambaye shi ciwon gwiwa, ya tambaye ta jikoki. Ranar da na dawo daga makarantar manya da takardar shaidar na iya karatu, ina da shekara arba'in da ɗoriya, duk layin ya sani kafin in cire takalmi.

Daga nan muka yi 'yan shekaru a Houston wajen 'yarmu. Can gidajen a baje suke, gajeru, fili har ya yi yawa, ga zafi mai sa gumi. Da rana kowa ya ɓuya, amma dab da magariba ana fitowa ban ruwan ciyawa, a gaisa ta kan shinge. Malam ya ce ba laifi, rabin dakali ne.

Sai ɗanmu na fari ya sayi gida a Bowie ya ce mu zo mu huta. Kyau kam ba a magana. Bene ne, ciyawa a aske kamar kan ango, kowane gida kamar an tsaga kara da na kusa da shi. Sai dai babbar ƙofar ta mota ce, ta mutane ado ce kawai a gefe. Mutum zai taho a mota, ya danna rimot, gareji ya buɗe baki ya haɗiye shi, shi ke nan sai gobe. Ba ka ganin ƙafar kowa a ƙasa sai mai yawo da kare.

Malam bai haƙura ba. Ya samo kujera mai naɗewa, kullum da la'asar ya ɗage ƙofar gareji ya zauna a baki yana ɗaga wa motoci hannu.

Na ce, "Malam, wa kake gaisarwa? Gilashi?"

Ya ce, "Hajiya, ai akwai mutum a ciki."

"To ya sauke gilashin mana. Ko hannun nasa ciwo yake?"

"Ke dai da bakinki. Ga mutuniyata can, kullum sai ta amsa."

Matar gidan da ke kallon namu yake nufi. Ita kam tana ɗaga masa hannu in za ta shige, shekara da shekaru. Da wannan yake min gori.

Da ya rasu, a zuci kawai muka mayar da shi gida, a nan muka kai shi makwancinsa ranar Juma'a. Na kira ɗan namu na ce maza a gareji za su zauna, ƙofa a buɗe, yadda ake yi a gida. Zaman makoki a ƙofar gida ake yinsa, don mai wucewa ya gani ya tsaya ya ce Allah Ya jiƙan rai.

Ya ce, "Umma, nan ba a haka. Ga falon ƙarƙashin ƙasa can, ya ishi kowa."

Na ce, "Kai, ubanka ba ɓarawo ba ne da za a yi makokinsa a rami. A buɗe."

Aka fitar da motoci, aka shimfiɗa darduma. Mutanenmu suka zo daga garuruwan kusa, Upper Marlboro da Mitchellville, musulmi da kiristoci 'yan Filato, takalma a jere a bakin gareji. Kujerarsa tana inda take, babu wanda ya yarda ya hau. Yaran sun yafe tufafinsa, don haka na zuba riguna da huluna a kwalaye na sa aka ɗora a tebur kusa da ƙofa, duk mai tafiya ya ɗauki ɗaya ya yi masa addu'a.

Asabar ce da hantsi. Na sha ganin yadda mutanen unguwar ke buɗe gareji ranar Asabar su baza tsofaffin kayansu a tebur suna gwanjo. Amma wadda ta binne miji jiya ina za ta tuna wannan?

Ina tsaye a ƙofar madafa ina miƙa filas ɗin shayi, liman ya ɗaga hannu ana addu'a, sai ga mutuniyar Malam ta tsallako titi da fara'arta. Ta wuce takalman tana dubawa, ta ɗaga hular Malam ta Juma'a, ta juya ta, ta yaba aikin. Ta tambaya nawa. Ta nuna kujerar ta ce har da ita?

Amin ta tsaya a bakin mutane.

Bai kamata in fito cikin maza ba, ina takaba. Na fito. Na zare hular daga hannunta, na ce mata da guntun Turancina ba sayarwa ake ba, mai kujerar ne ya mutu.

Ta dafe baki. Ta ce mutumin nan mai ɗaga hannu? Mijina ne? Ta ce ita ko sunansa ba ta taɓa sani ba. Ta fashe da kuka, kukan gaske, har sai da wata nas 'yar Jos ta riƙe ta ta raka ta gida. A ranar na ga laifinta. Yanzu ban gani ba. A gidan da take shiga ta gareji, ina za ta ji sunan wani?

Kafin a gama jimamin wannan wata mota ta tsaya, mata da miji suka fito da jakar cefane suna leƙen tebur.

Yaron ya dube ni. Na juya na koma madafa. Ya danna rimot, ƙofar ta sauko a hankali. Maza suka kwashi takalmansu a hannu suka bi matakala zuwa falon ƙasa.

A can aka ƙarasa zaman har sadakar uku. Ina zaune a sama cikin mata, ina jin amin ɗinsu tana tasowa ta ƙarƙashin ƙafafuna. A waje wani maƙwabci yana ta yankan ciyawarsa.