Cuthbert Mai Kulle Fitilu

"Ka faɗi sunansa, Cuthbert! Ka buɗe bakin nan naka ka faɗa!"

Muryar Dinah, matar maƙwabcina, ce ta ratso bango ranar Lahadi, muna cin dankali bayan an taso daga coci. Gidajen kamfanin kwal haka suke, ko tari maƙwabci ya yi sai ka ji.

"Ci abincinki, mace."

"Abinci? Ran Juma'a za su watso mana kaya waje, kana ce min abinci! Tsohon banza, shekara talatin a rami, ka fito da yatsu bakwai da taurin kai."

"Takwas ne. Sake dubawa."

Matata ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa sai na ture kwanon gefe, domin sunan da Dinah take nema daga bakin mijinta nawa ne.

Cuthbert Raine ya fara haƙar kwal tun zamanin kyandir, lokacin da iskar nan mai kama wuta take cinye mutum arba'in a tashi ɗaya. Da aka kawo fitila mai ragar waya, wadda harshenta ba ya fitowa ya taɓa iskar, shi ne ya fara yarda ya riƙe ta a ƙauyenmu. Bayan dutse ya datse masa yatsu sai aka ba shi ɗakin fitilu. Kullum da safe ya duba raga, ya kunna, ya kulle, ya miƙo maka ba ko gaisuwa. Mu dai mun tsani fitilar. Haskenta dishi-dishi, kuma ba a kunna lofen taba da ita. Rabinmu muna ɓoye lanƙwasasshiyar ƙusa a cikin hula don buɗe ta.

Ran Talatar da ta wuce na sa ƙusa na buɗe tawa. Ba don in ga aiki ba, kwaɗayin taba ne kawai. Wuta ta bi rufin ramin, shuɗiya, ta wuce ta bisa kaina ina durƙushe, ta sami abokin aikina Septimus Hedley a tsaye. Bai mutu ba, amma fuskar da ya fito da ita ko matarsa sai da ta kau da kai. Kowa ya yar da fitilarsa ya gudu. Da aka tattaro su, ɗaya a buɗe. Manaja ya ce ko wani ya buɗe, ko Cuthbert bai kulle ba. In ba a sami mai ita ba kafin Juma'ar sama, Cuthbert ya bar aiki, ya bar gida.

Cuthbert ya san tawa ce. Yana gane fitilar kowa kamar yadda uwa take gane kukan ɗanta. Amma ya yi gum.

Na yi ta gaya wa kaina mutumin kirki ne, tausayin 'ya'yana uku yake ji. Wannan tunani ya yi min daɗi ƙwarai, don in alheri ya yi niyya, wane ni in hana dattijo ladansa? Har miya na sa matata ta kai wa Septimus. Ni ban iya zuwa ba.

Ran Alhamis da na taso daga aiki, ko wanka ban yi ba, na tsaya a ƙofar Cuthbert. Ofishin manaja yana can ƙarshen layi, a buɗe, ƙafata ta san hanya. Na zaɓi ƙofar da na tabbata ba za a kore ni ba.

Ya fito ya ja ƙofar a bayansa. Ina jiyo Dinah a ciki tana cusa kwanuka a buhu.

"Baba Cuthbert, maganar fitilar nan..."

"Na sani, Jabez."

"Gobe da sassafe zan je wurin manaja."

Ya yi murmushi, irin wanda ya fi mari zafi. Sannan ya matso ya rage murya.

"Ba za ka je ba. Da za ka je, da ba nan ka zo ba. Kuma kada ka ɗauka don kai na yi shiru. Shekara biyu ke nan idona ba ya ganin ragar nan, shafawa kawai nake yi in miƙa muku ku sauka. Kana magana za su kira ni shaida, su ajiye min fitila a gaba su ce in nuna yadda nake duba ta, su gane ba na gani. Gara a ce na manta kullewa rana ɗaya. Tafi gida ka yi wanka, kada Dinah ta ji."