Ranar da Na Kwaikwayi Muryar Ogan Babana

Abin da na fara lura da shi ranar da na kai wa Baba abinci masana'antarsu a Sharaɗa shi ne yadda ma'aikata ke kwantar da waya a bakinsu suna magana, kamar masu hura shayi. Lokacin ina aji biyu a sakandare, ga kunya, ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai. Amma kunnena ba ya barin komai. A ranar na ji ogansu yana magana: sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ja "wato" kamar zai tsinka ta, sannan ya faɗi abin da zai faɗa.

An buɗe musu zaure a waya, inda ake sanar da masu aikin safe da na yamma. Baba bai iya latse-latse ba, sai ya damƙa mini wayar. Murna kamar na tashi sama! A nan na gano saƙon murya. Ni da ba na iya buɗe baki gaban mutum biyu, ga ni ina zuba ba mai kallona. Na yi wa ƙawata waƙa, na yi mata kukan akuyar maƙwabta. Wata Asabar na yi gyaran murya sau biyu, na ja "wato", na sanar cewa duk wanda ya zo da hula a karkace ya koma gida. Ina dariya na tura. Sai da alamun dariya suka fara sauka daga lambobin da ban sani ba na gane zauren ma'aikata na tura wa, da sunan Baba.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi shi ma'aikacin wucin gadi ne, kuma an sallami mutane kan abin da bai kai wannan ba. 

Yau Baba yana nan bakin aikinsa, amma 'yan'uwana 'yan mata, ku duba sunan da ke sama kafin ku saki yatsa. Wayar babba mutuncinsa ce.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan waccan Asabar na bi shi har ƙofar kamfani. Oga ya fito, ya yi gyaran murya sau biyu, ya buɗe baki, sai ya fasa cewa "wato". Maigadi ya juya baya, kafaɗarsa na rawa. Na durƙusa, na ce ni ce, Baba bai sani ba. Na roƙe shi, in hukunci za su yi su yi mini, amma don Allah kada su cire sunan Baba daga masu aikin gobe. Kuma ba su cire ba.