Salifou da Tsohuwar Miyawo

Salifou ɗan Damagaram ne. Ya yi karatun zamantakewa a Lyon, sannan a 2011 ya samu aiki a Bobigny kusa da Paris, a wani ofishi mai tura tafintoci asibitoci. Aikinsa shi ne ya haɗa mara lafiya da mai jin yarensa, kuma bai taɓa kuskure ba sai ranar Madam Vang.

Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Hmong daga Laos. Za a yi mata aikin ido, likita kuwa ya ce ba zai taɓa ta ba sai ta fahimci abin da za ta sa wa hannu. Salifou ya duba littafi, ya ga Hmong su ne Sinawa ke kira Miyawo. A jerin tafintocinsa akwai Long, ɗalibi Bamiyawe daga lardin Guizhou na ƙasar Sin. Ya tura shi hankali kwance. A ganinsa, ai kamar Bakano ne da Badamagare.

Bayan sa'a guda Long ya bugo waya.

"Ko kalma ɗaya ba ta shiga. Ni yaren Hmu nake ji, ita Hmong."

"Ba duk Miyawo ba ne ku?"

"A takarda, i."

Salifou ya koma littafi, kansa ya ƙara ɗaurewa. Wani masani ya raba dangin gida uku, wani ya ƙara rassa. Har da wasu mutane da ake kira Bunu, yarensu na wannan dangi, amma an lissafa su cikin ƙabilar Yawo.

Matarsa Rékia ta leƙo takardun da ya baje, ta yi dariya. "Malam, tsohuwa na jiran ido, kai kana zanen bishiya?"

Sai ya tuna Madam Yang, wadda yake sayen alayyafo wurinta a kasuwar Lyon lokacin ɗalibta. Ita ma 'yar Hmong ce daga Laos. Ya roƙi wani aboki a Lyon ya kai mata waya, sannan ya yi mata bayanin tsohuwar.

"Yaren Farin Hmong take ji ko na Koren Hmong?" in ji Madam Yang.

Salifou ya ce, "Wannan ma kashi biyu ne?"

"Ba ni ita kawai."

Aka kara wa tsohuwa waya a kunne. Tana jin muryar Madam Yang, sai ta ɓarke da magana har da hawaye. Ranar Alhamis aka yi aikin.

Har yau Salifou bai san rassa nawa ne ba. Amma ya ƙara layi a takardar ofis: a tambayi garin da aka haifi mutum.